Daga PUBG Zuwa Hawan Magajiya: Yadda Bindigar Toka Take Aiki Da Abin Da Doka Ta Ce

A Sallar da ta wuce wani ƙanena ya ɗauki bidiyon 'yan bindigar Sarki a Hawan Magajiya nan Daura, ya kawo mini wayar yana ƙorafi wai ta lalace: hayaƙi yana fita kafin a ji ƙara, ita ƙarar kuma sai ka ce an fasa leda. Daga nan hira ta kai mu ga wata tambayar da na san tana ran 'yan PUBG da Free Fire da yawa: shin mutum zai iya mallakar bindiga don sha'awa kawai? Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wayar dai lafiyarta ƙalau. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa kafin ƙiftawar ido ya iso. Idan kana nesa da mai harbi da mita 100, ƙarar za ta makara da kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Shi kuma makirufon waya don maganar mutum aka yi shi, ƙarar bindiga tana kai desibel 140 ko fiye, sai ya ƙure ya yanke saman sautin. Kunnenka ba shi da wannan dabarar, shi ya sa tsayuwa dab da masu harbi yake barin mutum da shuuu a kunne har washegari.

Wani abin takaici, yau in aka ce 'yan bindiga a labarai, ɓarayin daji ake nufi. A fada kuwa sunan tsoho ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dakaru masu bindiga a kusa da shi. A arewa da mu, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa a cikin Zinder, kuma a wancan zamanin sarakunan Daura na Zango suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ita kalmar bindiga da albarushi daga Larabci muka aro su. Turawa kuma suna kiran bindigar toka da sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Gana.

To yaya take aiki? A matsayina na mai rubuta manhaja, ina kallonta kamar shirin da ba ya maimaita kansa: kowane harbi sai ka sake komai daga farko. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna da sanda. In an ja kunama, a tsohon samfuri ƙanƙara ce take bugun ƙarfe ta ba da tartsatsi, a na baya kuma wata 'yar hula ce ake bugawa ta tashi. Wutar ta bi ta ƙaramin rami ta kama albarushin, ya ƙone nan take ya zama iska mai zafi, iskar ta rasa hanya sai bakin bututu. Turin da take yi gaba shi ne take yi baya, wannan ne dukan da kafaɗa take sha, wanda a wasa kake gani kamar allo ya ɗan girgiza.

Hayaƙin nan da yake burge mu a hawa asalinsa aibi ne. Fiye da rabin abin da baƙin albarushi yake bari in ya ƙone ba iska ba ce, toka ce da dauɗa. Sai a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da albarushin da ba ya hayaƙi, wanda harsasan zamani suke amfani da irinsa. Sannan cikin bututun bindigar toka sumul yake, babu zanen murɗe da yake sa harsashi ya juya ya miƙe, don haka saitinta daga nesa sai dai a yi sa'a. Ƙwararren sojan da can yakan yi harbi uku a minti ɗaya. AKM ɗin da kake ɗauka a Erangel tana cin harsashi 30, tana iya aman kusan 600 a minti. Ba banza aka laƙaba wa mai ci ɗaya harba-ka-ruga ba.

Kada kuma ka ce ai ta hawa babu harsashi a ciki. Wuta da abin da aka toshe albarushin da shi suna fita da ƙarfin da zai raunata na kusa, kuma in aka cika ɗuri ko bututun ya tsufa, yana iya fashewa a hannun mai ita. Masu ɗaukar bidiyo, ku tsaya gefe ko baya, ku jawo hoton daga nesa.

Yanzu maganar mallaka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Na farko haramtattu, irin bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Na biyu na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, su bindigar toka ke nan, waɗanda al'amarinsu yake bi ta hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Riƙe haramtacciyar bindiga ba izini kuwa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har bindigar iska tana cikin kashi na biyu. Wato irin wadda Yusuf Dikeç, Baturken nan mai hannu a aljihu, ya ci azurfa da ita a gasar Olamfik ta Faris a 2024, a nan ba abin da za ka yi oda ta intanet ba ne kamar caja. Kuma harbin sha'awa na gaskiya ke nan: nisan mita 10, ƙwaya mai faɗin milimita 4.5, a ɓangaren doguwar bindiga kuma tsakiyar abin saitin ɗigo ne na rabin milimita. Numfashi da natsuwa ake gwadawa.

A jihar da mutane suke binne 'yan uwansu saboda bindiga, ni dai ba zan ba matashi shawarar neman ta ƙarfe don nishaɗi ba, balle ɗaukar hoto da ta wani a ɗora a TikTok, wanda kai da kanka ka haɗa wa jami'an tsaro hujja. Ƙanen nawa na ce ya jira Sallar Gani, ya je ya gaishe da dattawan da suke harbin, ya tambaye su yadda suke auna ɗuri da ido, kuma wannan karon ya toshe kunnensa.