Ko Kun Sani? Ƙwaron Ƙarƙashin Dutse

Ɗaga dutse a ƙorama mai sanyi ta kan tsauni. In ka ga ɗan ƙwaro a lafe, mai jela biyu da farce biyu a kowace ƙafa, to daga dangin Plecoptera yake, kuma ganinsa alama ce ta ruwa mai tsabta.

A yankunan Afirka masu zafi, zuriyar Neoperla ce kaɗai ake samu daga wannan dangi. Kamarsu ɗaya sak, har a 1952 masani Hynes ya ɗauke su iri guda. Sai da Peter Zwick na Jamus ya duƙufa, aiki mai cin ido da haƙuri, yana duba zanen ɓawon ƙwansu da na'urar ƙara girma, sannan a 2023 aka tantance iri sama da 80.