Me ke sa motocin zamani taka birki ba gaira ba dalili?

Ranar 24 ga watan Nuwamban 2022, wata mota mai amfani da lantarki ƙirar Tesla Model S tana tafiya a kan gadar Bay Bridge ta birnin San Francisco a Amurka, sai kwatsam ta koma layin hagu, ta kuma rage gudu farat ɗaya, alhali babu abin da ya tare mata hanya.

Motocin da ke biye da ita sun kasa tsayawa. Motoci 8 ne suka yi karo da juna, mutane 9 kuma suka ji rauni, ciki har da wani yaro ɗan shekara 2.

Direban motar ya shaida wa 'yan sanda cewa a lokacin ya kunna manhajar nan ta kamfanin da ake kira Full Self-Driving, kuma ita ce ta taka birkin.

Direbobi a Amurka da Turai suna kiran irin wannan lamari da sunan birkin fatalwa, wato mota ta tsaya ko ta rage gudu saboda wani abu da ita kaɗai ta gani.

Ƙorafe-ƙorafen direbobi

A watan Fabrairun 2022 ne hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan motocin Tesla ƙirar Model 3 da Model Y na shekarun 2021 da 2022, waɗanda yawansu ya kai kimanin 416,000.

Hukumar ta ce ta samu ƙorafe-ƙorafe 354 cikin watanni 9. Ya zuwa watan Mayun shekarar, adadin ya haura zuwa 758.

Masu ƙorafin sun ce motar kan rage gudu da ƙarfi a kan babbar hanya ba tare da wani gargaɗi ba, kuma sau da yawa hakan kan faru fiye da sau ɗaya a tafiya guda. Akasarinsu sun ce abin ya auku ne lokacin da suka kunna tsarin taimakon tuƙi na Autopilot.

Tun kafin wannan binciken, a ƙarshen shekarar 2021, kamfanin ya sanar da gyara ga motoci 11,704, bayan da wata sabuwar manhaja da ya aika musu a watan Oktoba ta riƙa sa su yin gargaɗin ƙarya tare da taka birkin gaggawa. Kamfanin ya yi gyaran ne ta hanyar aika wata manhajar ta intanet, ba tare da an kai motocin gareji ba.

Yadda mota ke gani

Tsari iri biyu ne ke iya taka birki a madadin direba.

Na farko shi ne wanda ke riƙe gudun da direba ya zaɓa, yana kuma kula da tazara tsakaninsa da motar gaba. In ta rage gudu ya rage, in ta ƙara ya ƙara.

Na biyu shi ne birkin gaggawa mai sarrafa kansa, wanda ba ya yin komai sai ya hango cewa karo na tafe kuma direba bai motsa ba.

Dukkansu biyun sun dogara ne a kan na'urorin da ke zama idanun mota. Akwai kyamara, wadda galibi ake maƙalawa a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Akwai kuma na'urar rada, wadda ke aika igiyoyin rediyo gaba, ta auna tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su dawo, ta haka ta san nisan abu da kuma gudunsa.

Kowacce na da nata rauni. Rada ta ƙware wajen auna nisa da gudu, kuma hazo ko duhu ba sa damunta sosai, amma irin wadda aka saba sa wa motoci ba ta iya tantance siffar abu ko tsayinsa da kyau. Gadar sama ko babban allon ƙarfe da ke rataye bisa hanya kan iya zame mata tamkar mota da ke tsaye a tsakiyar titi.

Ita kuwa kyamara tana bambance mota da mutum da allo, amma sai kwamfuta ta yi lissafi kafin ta ƙiyasta nisa, kuma hasken rana da ke dukan ta kai tsaye, ko ruwan sama, ko inuwar da ta faɗo a kan kwalta, na iya rikita ta. Direbobi da dama sun ce motarsu ta fi yin birkin fatalwa a hanya mai layi biyu, idan babbar mota ta tunkaro daga ɗaya hannun, musamman a kan kwana ko a saman tudu.

Cire rada

A watan Mayun 2021, Tesla ya daina sa rada a sababbin motocinsa na Model 3 da Model Y da ake sayarwa a Arewacin Amurka, ya koma dogaro da kyamarori kaɗai.

Hujjar kamfanin ita ce, idan rada da kyamara suka saɓa wa juna, dole kwamfuta ta zaɓi wadda za ta gaskata, kuma sau da yawa radar ce ke kawo ruɗani, kamar a ƙarƙashin gada. Shugaban kamfanin, Elon Musk, ya daɗe yana cewa tun da ɗan Adam da idanu yake tuƙi, to mota ma za ta iya yi da kyamara.

To sai dai kuma wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a farkon watan Fabrairun 2022 ya nuna cewa ƙorafe-ƙorafen birkin fatalwa da masu Tesla suka kai wa hukuma sun kai 107 cikin watanni 3, idan aka kwatanta da 34 kacal a watanni 22 da suka gabaci wannan lokaci.

Masu sukar matakin na ganin cewa na'urori iri biyu sun fi ɗaya, domin ɗaya kan gyara kuskuren ɗaya. Akasarin sauran kamfanonin ƙera motoci sun ci gaba da haɗa kyamara da rada.

Gaba kura, baya sayaki

Tushen matsalar ya wuce batun wace na'ura aka sa. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, dole kwamfutar mota ta yanke hukunci a kan abin da ba ta da cikakken tabbaci a kansa, kuma tana iya yin kuskure ta fuska biyu: ko ta tsaya alhali babu komai, ko ta wuce alhali akwai abu.

Injiniyoyi ne ke saita iyakar shakkun da zai sa mota ta taka birki. Idan suka sa ta cika tsoro, za ta riƙa tsayawa saboda inuwa. Idan suka rage mata tsoron, wata rana za ta afka wa abu na gaske.

An ga irin kuskure na biyu a watan Mayun 2016 a jihar Florida, inda wata Tesla Model S da ke tafiya da Autopilot ta kutsa ƙarƙashin wata tirela da ke ƙetare hanya, direban motar kuma ya rasu. Kamfanin ya ce motar da direban duka ba su lura da farin jikin tirelar ba saboda hasken sararin sama. Mista Musk ya ƙara da cewa an tsara radar ne ta yi watsi da abin da ya yi kama da allon da ke rataye bisa hanya, domin kauce wa birkin ƙarya.

Ma'ana, dabarar da aka yi domin hana mota tsayawa a banza, tana cikin abubuwan da suka sa ba ta tsaya ba a ranar da ya kamata.

Wa ke cikin haɗari?

Birkin fatalwa kan tura haɗarin ne zuwa ga motar baya, wadda direbanta ke kallon hanya a buɗe, ba ya kuma tsammanin na gabansa zai tsaya.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a ɗaya tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke faruwa ya kai ƙafarsa kan birki, to ya riga ya shafe kimanin mita 42. Wanda ya bi motar gaba kurkusa ba shi da wannan sarari.

Haka kuma, a ƙasashe da yawa wanda ya daki mota ta baya shi ake fara ɗora wa laifi, kuma yana da wuya direba ya tabbatar wa kotu ko kamfanin inshora cewa kwamfuta ce ta taka birkin, domin bayanan abin da motar ta yi galibi suna hannun kamfanin da ya ƙera ta.

Wannan na cikin dalilan da suka sa masu motoci suka fara haɗuwa suna shigar da ƙara a tare. A shekarar 2025, an shigar da irin wannan ƙara a kan Tesla a gaban kotun tarayya ta Ostireliya, kuma birkin fatalwa na cikin abubuwan da masu ƙarar suka zayyana.

Ba laifin lantarki ba ne

Ko da yake an fi jin labarin matsalar a motoci masu lantarki, ba batir ko injin lantarki ne ke haddasa ta ba. An fi ganinta a cikinsu ne saboda sababbi ne, kuma akasarinsu suna zuwa da tsarin taimakon tuƙi da direbobi ke kunnawa na tsawon sa'o'i.

A watan Fabrairun 2022 ɗin da aka fara binciken Tesla, hukumar NHTSA ta kuma buɗe wani binciken a kan motocin Honda Accord da CR-V kimanin miliyan 1.7, waɗanda ba na lantarki ba ne, bisa zargin birkin gaggawa na kama kansa. A watan Afrilun 2024 ta faɗaɗa binciken zuwa motoci kusan miliyan 3. Kafin nan, a 2019, ta duba irin wannan ƙorafi a kan Nissan Rogue.

A Faransa ma, ma'aikatar sufuri ta sanar a watan Agustan 2025 cewa za ta binciki lamarin, bayan da ɗaruruwan direbobin motoci iri daban-daban suka ba da labarin abin da ya same su.

Akwai kuma wani abu da sababbin direbobin motar lantarki kan ɗauka birkin fatalwa ne alhali ba shi ba ne. A yawancin irin waɗannan motoci, da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin kan juye ya zama janareta, ya mayar da ƙarfin gudun motar zuwa batir, motar kuma ta rage gudu sosai. Wannan da gangan aka tsara shi.

Me ya sa ba a haramta ba?

Hukumomi ba su nufi hana amfani da birkin gaggawa ba, hasali ma tilasta shi suke yi, domin alƙaluma sun nuna amfaninsa ya fi illarsa.

Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa motocin da ke da birkin gaggawa haɗe da gargaɗin karo sun rage dukan motar gaba da kusan rabi.

Tarayyar Turai ta wajabta sa shi a duk sabuwar motar da za a sayar daga watan Yulin 2024. A Amurka, dokar da NHTSA ta fitar a watan Afrilun 2024 ta ba kamfanoni wa'adin watan Satumban 2029, hukumar kuma ta ƙiyasta cewa matakin zai ceci aƙalla rayuka 360 a kowace shekara, ya kuma hana mutane 24,000 jin rauni.

Dokar ta buƙaci mota ta iya kauce wa dukan motar gaba ko da tana gudun kusan kilomita 100 a sa'a. Ta kuma tanadi gwajin birkin ƙarya, inda za a bi da mota ta kan faifan ƙarfe da aka shimfiɗa a titi, da kuma tsakanin motoci biyu da ke ajiye, a ga ko za ta tsaya a banza.

Ƙungiyar manyan kamfanonin ƙera motoci ta ƙalubalanci dokar a kotu a watan Janairun 2025. A cewarta, domin mota ta iya tsayawa a irin wannan gudu, dole ta fara taka birki tun daga nesa, lokacin da direbobin baya ba su zata ba, abin da ka iya ƙara yawan karo.

Abin da ya rage ga direba

Littafin bayanin da Tesla ke bai wa masu motocinsa ya yi gargaɗin cewa tsarin na iya taka birki a inda ba a buƙata, kuma alhakin tuƙi na wuyan direba a kowane lokaci. Sauran kamfanoni ma na rubuta makamancin haka.

A yawancin motoci, taka totur kan soke birkin da kwamfuta ta kama, don haka ake shawartar direba ya bar ƙafarsa kusa da shi, hannayensa kuma a kan sitiyari. Wanda ke baya kuwa, kariyarsa ita ce barin tazarar daƙiƙa 2 zuwa 3 tsakaninsa da na gaba.

Batun ya shafi direbobi a Najeriya da maƙwabtanta, ganin cewa da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka suke fitowa, ciki har da Accord da CR-V. An tsara na'urorinsu ne domin hanyoyi masu zanen layi, ba domin titin da babura da masu tafiya a ƙasa ke gilmawa ta kowane gefe ba, ƙurar hunturu kuma na iya rufe idon kyamara.

Haka nan, idan aka sauya gilashin gaba, ko aka gyara gaban motar da ta taɓa yin haɗari, kamfanonin kan buƙaci a sake saita kyamara da rada da na'ura ta musamman. Idan ba a yi hakan ba, motar za ta ci gaba da tafiya lafiya, amma abin da take gani ba zai yi daidai da inda yake a kan hanya ba.