Injin Niƙa Na Hannu: A Daina Cinikin Biri A Sama

A Wudil, injin niƙa guda a ƙofar gida yana iya ciyar da iyali. Tsadar sabo ce ke tura ɗan fansho ko matar aure zuwa ga na hannu, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko daga maƙwabcin da ya bar sana'ar.

Sai dai sabon fenti ba ya nuna lafiyar inji. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, injin da ke zuƙar mai kan cinye ribar yini kafin la'asar.

Don haka mai saye ya tafi da makanikinsa, kada ya dogara da na mai sayarwa. A tayar da injin tun bai ɗauki zafi ba, a zuba masa masara, domin sai da kaya rauninsa ke bayyana. Shuɗin hayaƙi alama ce ta shan baƙin mai. A buɗe a duba dutsen, domin wanda ya cinye a garin tuwon jama'a yake zubar da ƙarfensa. A kuma tabbatar ana samun kayan gyaransa a kusa.

Kuɗin adashi ko na sallama sau ɗaya suke zuwa. Ladan makanike bai kai asarar jari ba.