Shara Tana Zama Wutar Lantarki

Yau zancenmu a kan shara ne.

A Adis Ababa, babban birnin Habasha, akwai wani ƙaton juji da ake kira Koshe. Cikin shekarar 2017 ya zaftare, ya danne gidaje, mutum fiye da 100 suka mutu. A 2018 aka buɗe ma'aikatar Reppie a gefensa, don ƙona shara tan 1,400 kullum.

Ga yadda take aiki. A zuba shara cikin tanderu, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki. Hayaƙin kuwa sai an tace shi kafin ya fita.

Amma jiƙaƙƙiyar shara ba ta cin wuta sosai. In tanderu ya rasa zafi, guba takan yi yawa cikin hayaƙi. Saboda haka gyaran aikin daga gida yake farawa, watau a ware jiƙaƙƙiya da busasshiya.

Mu ma a ƙauye mu ware. Ɓawo da ragowar abinci a binne a rami su zama taki. Kada a ƙona leda kusa da ɗaki, hayaƙinta yana sa yara tari.

Allah ya ba mu lafiya.