Faifan Harmonium: Minti Arba'in na Kiɗa Babu Ganga

Duk wanda aka ce masa kiɗan rok, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne rugugin ganguna da ƙarar jitar lantarki. To a shekarar 1975 wasu samari biyar a birnin Montreal na ƙasar Kanada sun fitar da faifan da ya haura minti 40 ba tare da makaɗin ganga ba, kuma har gobe masana wannan fanni suna sa shi a sahun gaba. Sunan ƙungiyar Harmonium, sunan faifan kuwa "Si on avait besoin d'une cinquième saison", wato da a ce ana buƙatar yanayi na biyar a shekara.

Irin wannan kiɗa, da ake kira furogiresif rok, a Ingila ya tsiro wajen ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis. Sun ƙi tsayawa a kan waƙar minti uku da gidajen rediyo ke so. Sai suka riƙa gina doguwar waƙa mai rassa, tana sauya gudu da amo, tana aro daga kiɗan manyan ƙungiyoyin goge na Turai. Kusan duk da Ingilishi ake yin sa. A Faransa an samu irin su Ange da Atoll da suka rera da harshensu, amma kasuwar duniya ba ta waiwaye su sosai ba, shi ya sa faya-fayansu suka zama kayan nema a wurin masu tara tsofaffin faifai.

Su 'yan Harmonium mutanen Kebek ne, lardin da ke magana da Faransanci alhali masu Ingilishi sun kewaye shi gabas da yamma da kudu. Serge Fiori shi ne mai murya da jita, tare da Michel Normandeau da Louis Valois. Su ukun suka yi faifan farko a 1974. A na biyu sai suka ɗauko Pierre Daigneault mai busa sarewa da kilarinet, da Serge Locat mai fiyano da melotiron.

Wannan melotiron shi ne ƙashin bayan faifan. Na'ura ce mai madannai kamar fiyano, da aka fara ƙerawa a Birmingham a 1963. A ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kai. In an danna, zaren ya yi kamar daƙiƙa takwas yana tafiya, sannan ya ƙare. Sautin ba ya fita tas. Yana ɗan rawa, yana ɗan dishewa, kuma wannan rauni nasa ne ke sanyaya jikin mai saurare. A hannun Locat, na'urar ta cike gurbin da ganga ta bari, har mutum ba ya lura babu ita sai an faɗa masa.

Waƙoƙi biyar ne a faifan. Huɗu na farko suna bin yanayin shekara na can. "Vert" ta lokacin tohon ganye ce, sarewa ce ke buɗe ta. "Dixie" gajeriya ce mai annashuwa, ta lokacin zafi, a salon tsohon kiɗan jaz na kudancin Amurka. "En pleine face" ta hunturu ce, kuma a cikinta Marie Bernard ta kaɗa wata tsohuwar na'urar lantarki, ondes Martenot, da aka ƙirƙira a Faransa a 1928.

Ta kaka, "Depuis l'automne", ita ce mai nauyi. Ta wuce minti goma, tana farawa a hankali, tana ta hauhawa har muryoyi su taru. Masu saurare da dama suna danganta ta da rikicin Oktoban 1970, lokacin da 'yan awaren Kebek suka sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross da minista Pierre Laporte, gwamnatin Pierre Trudeau ta baza sojoji a titunan Montreal, aka tsare mutane kusan 500. Shekara ɗaya bayan fitar faifan, jam'iyyar René Lévesque mai neman 'yancin lardin ta ci zaɓe. Don haka rera waƙa da Faransancin Kebek a wancan zamani ba ƙaramar magana ba ce.

Sai ta biyar, "Histoires sans paroles", minti 17 babu kalma ko guda. Da sautin igiyar teku take farawa, sarewa ta shigo da wani ɗan amo mai sauƙi, sauran kayan kiɗa su yi ta karɓarsa suna juya shi. Muryar Judi Richards tana ratsawa, amma ba ta furta komai. Wannan waƙa ba a jin ta ana hira ko ana latsa waya. Tana son a zauna mata. Wanda ya ba ta wannan haƙuri zai gane dalilin da ya sa mujallar Rolling Stone ta sa faifan a matsayi na 36 cikin faya-fayai 50 mafiya daraja a wannan fanni, a jerin da ta fitar a 2015.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Bayan faifanta "L'Heptade" na 1976, ta watse kafin shekarun 1970 su ƙare. Fiori ya rasu ranar 24 ga Yuni, 2025, yana da shekara 73, daidai da ranar bikin ƙasa na Kebek.

Mai karatu na Maradi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci zai tsinci baitocin, ko da yake lafazin Kebek zai ɗan ba shi wuya da farko. Wanda bai ji harshen ba kuwa, ya fara da waƙa ta biyar. Faifan yana nan a intanet.