3.4 Wutar Lantarki da Haɗarin Zuba Jari: Misalin Kamfanin VALCO na Ƙasar Ghana

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa masu zuba jari a masana'antun narka sanholo a ƙasashen waje suke fara bincikar wuta kafin komai. Samar da tan ɗaya na sanholo yakan ci kimanin kilowat-awa 14,000. Haka kuma, idan wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i, narkakken ƙarfen yakan daskare cikin tukwanen narki, gyaransu kuwa sai an kashe maƙudan kuɗi.

Saboda haka ne kamfanonin Amurka biyu, Kaiser da Reynolds, ba su kafa VALCO a garin Tema ba sai da suka ƙulla yarjejeniyar shekara 30 ta sayen wutar madatsar ruwa ta Akosombo da rahusa. An fara aiki a 1967. Sai dai yarjejeniya ba ta hana fari. A 1983 ruwan tafkin Volta ya ja baya, aka tsayar da tukwanen. Ƙarancin wuta ya sake tsayar da aiki a 2003, a 2004 kuma Kaiser ya sayar wa gwamnatin Ghana hannun jarinsa na kashi 90 cikin ɗari.

Daga nan za a fahimci cewa arahar wuta ba ta kawar da haɗari matuƙar masana'anta ta dogara da tushe guda.