Wyoming: Jirgin da Girmansa Ya Fi Ƙarfin Katako

Yau shirin namu zai kai mu gaɓar tekun Atlantika, can arewa maso gabashin Amurka, garin Bath na jihar Maine.

A watan Disambar 1909 ne masassaƙan jiragen kamfanin Percy & Small suka tura wani ƙaton jirgin katako cikin kogin Kennebec. Aka raɗa masa suna Wyoming, saboda gwamnan jihar Wyoming na lokacin, Bryant Brooks, yana cikin waɗanda suka zuba jari. Jihar da ko gaɓar teku ba ta da ita, kun ji fa!

Iska ce ke tura shi, ba inji ba. Turaku shida ne a tsaye bisa kansa kamar giginyu, kowanne da filafilansa na zane mai kauri. Tsawonsa daga tsinin gaba zuwa na baya ƙafa 450. Sana'arsa dakon kwal, kusan tan 6,000 a sawu guda, daga tashoshin kudu irin su Norfolk zuwa garuruwan arewa masu tsananin sanyi.

Me ya kawo wannan girma haka? Lissafin 'yan kasuwa ne. Jiragen tururi sun fara cinye kasuwa, ita kuwa iska kyauta ce. In an ƙara wa jirgi ciki, aka sa ƙaramin injin tururi yana ɗaga filafilai da anka, mutum goma sha 'yan kai sun isa su tuƙa shi.

To amma katako yana da iyakarsa. Da teku ta harzuƙa sai jirgin ya riƙa lanƙwasa, allunan jikinsa suna murɗewa, ruwa yana tsiyaya ta mahaɗarsu. An ɗaure jikin da maɗauran ƙarfe a gicciye tun wajen ƙira, duk da haka sai an haɗa da famfo ana kwarfe ruwa. A ganina, duk wanda ya kwana cikinsa yana jin kukan katakon nan cikin dare ya san da 'yar magana. Haka dai jirgin ya shekara goma sha huɗu yana kaiwa yana komowa.

A watan Maris na 1924 ya taso daga Norfolk maƙare da kwal, ya nufi Saint John ta ƙasar Kanada. Guguwa mai ƙarfi ta tare shi kusa da Chatham a jihar Massachusetts, kyaftin ya saki anka a Pollock Rip don a jira ta lafa. Akwai wani jirgin mai turaku biyar, Cora F. Cressy, da ya yada zango a wurin. Shi ya janye ankarsa ya fita tsakiyar teku, ya sha. Wyoming ya tsaya. Nan ya nutse, ba wanda ya tsira cikin ma'aikatansa.

Sai a 2003 masu binciken ƙarƙashin teku suka gano ɓaraguzansa. A filin da aka sassaƙa shi kuwa, wanda yanzu gidan tarihin jiragen ruwa ne na Maine, an kafa siffarsa da farin ƙarfe daidai girmansa, gaba da baya da turaku shida, tsakani kuma ciyawa ce kawai.